Karnuka sun addabi garkena: wane harsashi ya dace?

Wani matashi da ke kiwo a gabas da Tawa, kan hanyar Kalfu, ya aiko mini da wannan tambaya: "Baba, ina da tumaki talatin da ƴan kai. Tun bayan girbi wasu karnuka marasa ubangida, biyar ko shida, suke faɗa wa garken da asuba. Sun kashe mini raguna biyu da nake turka saboda layya, da tunkiya mai ciki. Wani abokina ya ce in nemi karabin, doguwar bindiga mai harba ƙwaya ɗaya, wani ya ce kalibar 12 mai watsa ƙwayoyi ta isa, wani kuma ya ce ko ƴar 22 ma za ta yi. Kai da ka yi aikin gandun daji, wane harsashi ya dace?"

Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Ragon da aka yi wata huɗu ana ba shi harawa da dusa, a wayi gari a same shi da hanji a waje, ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san zafin da ke ranka lokacin da ka rubuto. Zan ba ka amsar harsashin dalla-dalla, amma sai ka yi haƙuri da surutun tsoho, don akwai abin da ke gaban harsashin da abin da ke bayansa.

Ka ce karnuka ne. Ka gan su da idonka suna kamu, ko kuwa gawa ka tarar da sawu? Ina tambaya ne saboda sau da yawa an kira mu a kan kare, muka je muka tarar aikin dila ne, wani lokacin ma akasin haka. Dila takan kama ɗan rago ko ɗan akuya a maƙogwaro, ta kashe guda ɗaya, ta buɗe ciki ta ci, ta tafi abinta. Kura ɗaukewa take yi ko ta ja gawar nesa, ta farfasa ƙashi, kuma sawunta na gaba ya fi na baya girma ƙwarai. Kare kuwa ɓarna yake yi ba tsari. Zai ciji cinya, ya yagi hantsa, ya tsinke kunne, ya bar wannan ya bi waccan, ka tarar da dabba biyar da rauni alhali ko rabin ɗaya ba a ci ba. Idan abin da ka gani ke nan, to karnuka ne. Sai dai wani abin da mutane ba sa son ji: yawancin irin wannan gungu ba na daji ba ne tsantsa. Da rana suna kwance a gindin rumbu a ƙauyen da ke maƙwabtaka da ku, da dare su haɗu su fita. Kowannensu da mai shi, ko da mai shi ba ya ba shi ko ƙanzo.

Yanzu harsashi. Abu biyu ake nema a gare shi a wannan aiki: ya kashe nan take ba tare da azabtarwa ba, kuma ya tsaya inda ya shiga. Yawancin masu ba da shawara na farkon kawai suke dubawa, shi ya sa suke ta neman mai ƙarfi. Karen ƙauyenmu da wuya ya wuce kilo 15 zuwa 25. Fatarsa ba kauri, ƙirjinsa siriri, wurin da zuciya da huhu suke bai fi faɗin tafin hannunka ba. Ba ɓauna ba ne. Harsashin da aka yi don babbar dabba zai ratsa shi kamar an soka allura a tsumma, ya fita da kusan duk ƙarfinsa ya ci gaba da tafiya.

Bari in fara da ƴar 22 ɗin da aka ce maka, wadda ake rubuta 22 LR a kwalinta. Tsohon harsashi ne, tun 1887 yake. Nauyin ƙwayarsa giram 2.6, gudunsa tsakanin mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa, ƙarfin dukansa, wanda ake aunawa da jul, bai kai 200 ba. Don zomo da kurege da zabo aka yi shi. Zai kashe kare idan kana kusa sosai kuma ka sami daidai wurin, amma kare mai motsi da asuba a mita sittin ba zai tsaya maka ba. Abin da ya fi faruwa shi ne ka sa masa dalma a ciki ko a cinya, ya ruga yana kuka, ya je ya kwana uku yana mutuwa a cikin wani kwazazzabo. Ga wani aibin da ba a cika faɗa ba: saboda dalma ce zalla kuma ba ta da gudun da zai sa ta tarwatse, idan ta daki dutse ko fako sai ta yi tsalle ta canza hanya tana fito. Kamfanonin da ke yin ta da kansu suna rubuta gargaɗi a kwali cewa tana da haɗari har fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ƙaramar ƙara ce ke yaudarar mutane su ɗauke ta abin wasa. Babbar ƴar'uwarta, 22 Magnum, wadda ta fito a 1959, ta ninka ta ƙarfi, wajen jul 420, kuma a hannun gwani tana iya aiki a ƙasa da mita saba'in. Duk da haka ni ba ita zan zaɓa ba.

Waɗanda suka dace da wannan aiki su ne ƙananan harsasai masu tsananin gudu, waɗanda ke kama wuta idan bindiga ta daki tsakiyar gindinsu. Na farkonsu a wurina shi ne 222 Remington, wanda ya fito a 1950: ƙwaya giram 3.2, gudu wajen mita 950 a daƙiƙa, ƙarfi kusan jul 1,500. Ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa da sauƙi idan aka kwatanta da manya, kuma yana tafiya miƙe har mita 150 ba sai ka yi ta lissafin ɗaga baki ba. Sai ƙanensa 223 Remington, giram 3.6, gudu kusan mita 990, ƙarfi wajen jul 1,700. A wajen aiki bambancinsu kaɗan ne, kare ba zai iya gaya maka wanne ya same shi ba. A wajen hukuma kuwa bambancin babba ne, domin 223 ɗan'uwan 5.56 ne na sojoji, kuma a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa an daɗe ana yi masa kallon harsashin yaƙi. Shi ya sa maharban Faransa suka riƙe 222 shekara da shekaru. Akwai kuma 22-250, mai gudun da ya haura mita 1,100 a daƙiƙa, da 243 Winchester na 1955, wanda ƙwayarsa kan kai giram 6.5 da ƙarfi sama da jul 2,600. Wannan na ƙarshen ya fi jure iska, kuma a nan ya kamata a tsaya. Duk abin da ya wuce 243 ya yi wa kare yawa.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Ostareliya ƙasar tumaki ce, kuma karnukan daji sun dame su har suka gina shinge mai tsawon fiye da kilomita 5,600 don raba su da garkuna. A ƙa'idojin da suka tsara wa masu harbin karnukan, irin waɗannan harsasai ne suka zaɓa, daga 222 zuwa 243, kuma sun ce a guji ƙananan nan irin ƴar 22 saboda yawan raunata dabba ba tare da kashewa ba. Mutanen da suka shekara fiye da ɗari suna wannan fama, idan suka tsaya a kan abu, ya cancanci a saurara.

Amma lambar da ke jikin kwali rabin magana ce. Sauran rabin shi ne yadda aka ƙera ƙwayar kanta. Akwai mai bakin dalma a buɗe, akwai mai rami a baki, akwai kuma wadda aka lulluɓe gaba ɗaya da rigar ƙarfe, irin ta soja. Biyun farko idan suka shiga jiki sai su baje, su sauke ƙarfinsu a ciki, dabba ta faɗi a wurin. Masu sauƙin nauyi daga cikinsu ma, idan suka kuskure suka daki ƙasa mai tauri da wannan gudu, yawanci tarwatsewa suke yi, wanda alheri ne ga duk wanda ke bayan wurin. Mai rigar ƙarfe ba ta bajewa. An yi ta haka da gangan, domin tun 1899 ƙasashe suka yi yarjejeniya a birnin Heg na Holan cewa ba za a harbi ɗan Adam a yaƙi da harsashi mai bajewa ba. To wannan sifa da ta sa ta zama ta soja ita ce ta sa ba ta da amfani a farauta: tana huda kare ta wuce, ya gudu da rami a jiki, ita kuma ta tafi neman wani. Saboda haka duk wanda ya zo maka da maganar kalashi, ko ya ce yana da ƴan ƙwayoyinta na 7.62 da zai sayar maka da arha, ka rufe kunnenka. Ko ba don doka ba, harsashin bai dace ba. Da doka kuwa, gidan kaso ne kai tsaye.

Haka nan manyan na farauta irin 308 Winchester, giram 9.7 da ƙarfi wajen jul 3,500. Idan bakin bindiga ya ɗan ɗaga sama, wannan ƙwaya tana iya tafiyar kilomita huɗu. Ka tsaya a bakin garkenka ka juya ko'ina, ka lissafa abin da ke cikin kilomita huɗu: rijiya nawa, bukka nawa, yara nawa masu kora awaki, mata nawa masu itace.

A nan zan daɗe kaɗan, don nan ne ƙasarmu ta bambanta da abin da ake karantawa. Yankinmu na Adar ƙasar dutse ce. Daga Tawa ka nufi Keita ko Buza, tudu ne na jan dutse da tsakuwa da fako mai tauri kamar daɓe, sai kwari a tsakani inda mutane da dabbobi suke cunkushe. Harsashi ba ya nutsewa a irin wannan ƙasa yadda yake nutsewa a rairayin arewa. Ina sabon ma'aikaci, an taɓa tura mu wani ƙauye da karnuka suka dama, tare da wani abokin aiki da ya girme ni. Da hantsi muka hango ɗaya a kan fako, kamar mita tamanin. Ya durƙusa ya saita, ya harba da wata tsohuwar karabin mai harsashin rigar ƙarfe. Na ga ƙura ta tashi a gaban ƙafar karen, na kuma ji wani siririn fito ya yi dama, wajen da ba mu ko duba ba. Karen ya tsere. Muna tsaye muna gardamar wa ya motsa, sai ga wata dattijuwa ta ɓullo daga bayan wasu sabara tana salati, zanenta jiƙe sharkaf. Tulun da ke gefen jakinta ne ya fashe, ruwa na zuba a kan mangala, bakin tulun kaɗai ya rage rataye a igiya. Jikarta na zaune a kan jakin, ƙafarta ba ta fi taƙi ɗaya daga tulun ba. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba, kallonmu kawai take. Abokin nawa ya zauna a ƙasa, ya kasa mayar da bindigar kafaɗa. Mun biya tulu, mun ba da haƙuri a gaban maigari, amma tun ranar ban ƙara ɗaga bindiga ba sai na fara tambayar kaina inda ƙwayar za ta kwana idan na kuskure.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: ba a harbi sai akwai tudun ƙasa mai laushi ko gaɓar kwari a bayan dabbar. Ba a harbin kare da ke tsaye a kan tudu, ba komai a bayansa sai sararin sama. Ba a harbi ta wajen gari, ko rijiya, ko hanya, ko kan ruwa, don ruwa ma yana sa ƙwaya tsalle. Idan mai harbi ya sami wuri mai ɗan tsayi yana harbawa ƙasa, ya fi. Kuma ba a harbin abin da ba a gane shi sarai ba. Da duhun asuba ɗan maraƙi, da kare, da yaro a tsugune, duk inuwa ɗaya ce.

Wannan ya kawo mu ga kalibar 12, wadda ita ce ainihin bindigar da ake samu a ƙauyukanmu, ko Baikal ta Rasha mai baki ɗaya, ko tsohuwar Simplex ta Faransa da wani ya gada daga kakansa. Idan karnukan har cikin garke suke shigowa, wato tsakaninku bai wuce taku ashirin zuwa talatin ba, ita ta fi karabin dacewa, saboda ƙwayoyinta ba sa tafiyar kilomitoci. Amma da sharaɗi. Kartushin da aka fi sayarwa na tsuntsaye ne, lamba 6 ko 7, masu ƙwayoyi kamar gero. Ka lura, a nan idan lamba ta ƙaru girman ƙwaya raguwa yake yi. Wanda ya harbi kare da irin wannan zalunci kawai ya yi. Na taɓa ganin wata karya da aka yi wa haka, kwana biyar bayan harbin: gefenta ɗaya duk ƙuraje, ido guda ya tsiyaye, ƙuda sun rufe ta, tana jan jiki zuwa bakin rijiya inda yara ke wasa. Ta fi haɗari a wannan hali fiye da lokacin da take da lafiya. Abin da ake buƙata shi ne manyan ƙwayoyi, waɗanda maharba ke kira shebrotin, irin mai ƙwaya tara a kartushi ɗaya, kowace ta haura milimita 8. A cikin mita ashirin suna kashewa nan take. Bayan mita talatin sun warwatse, sai dai ka raunata. Kuma kada a ɗauka ba su da nasu aibin: su ma suna tsalle a kan dutse, kuma guda tara ne ba ɗaya ba, ga tumakinka a gefe. Shi ya sa a Faransa kanta aka taƙaita amfani da su. Dunƙulen dalma guda ɗaya da ake sa wa kalibar 12 kuwa na gyado ne da makamantansa, ya yi wa wannan aiki yawa.

Harba-ruga ta maƙera ba zan ba ka shawararta ba ko kaɗan. Na ga yatsun da ta cinye.

To idan ka matsa mini in faɗi ɗaya: a fili mai nisa, a hannun wanda ya iya, 222 mai bakin dalma, kada a wuce mita 150. A kusa da garke, kalibar 12 da manyan ƙwayoyi, kada a wuce mita 25. Wurin saiti shi ne ƙirji, dab da bayan kafaɗa, lokacin da karen ya ba da gefe yana tsaye. Kare mai gudu a bar shi. Lokacin hunturu kuma a yi hattara da iskar gabas, domin waɗannan ƙananan ƙwayoyi iska tana ture su. A mita 200 matsakaiciyar iska tana iya kautar da su fiye da faɗin wurin da ake nema. Bindigar da ba a gwada saitinta a kan takarda ba, da irin harsashin da za a yi aiki da shi, ba a san inda take kaiwa ba. Idan aka raunata dabba, wajibi ne a bi ta a ƙarasa ta kafin a nemi wata. Idan karya ce mai shayarwa, a nemi ƴaƴan, kada a bar su su mutu da yunwa a rami. Addininmu ya halatta kashe kare mai cizo da ɓarna, amma ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa.

Ka lura na ce "a hannun wanda ya iya", ban ce a hannunka ba. Ga dalili. A Nijar ba a mallakar bindiga, ko ta farauta ce, sai da izinin hukuma, kuma takardar daga ma'aikatar cikin gida take fitowa bayan bincike. Harsashi ma da izini ake saye. Dokar farauta ta 98-07, ta ranar 29 ga Afrilun 1998, ta hana farautar dare, da fitila ko ba fitila, ta hana farauta daga kan mota ko babur, ta hana guba, ta hana makaman yaƙi da harsasansu. Kare ba naman daji ba ne, gaskiya, amma jandarman da ya same ka da bindiga da tocila ƙarfe biyar na asuba ba zai zauna yana rarrabe maka wannan ba. Sannan ka dubi zamanin da muke ciki. Tun watan Maris na 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, cikin jiharmu, kuma kowa ya san abin da ya faru a yankin Tiliya a Maris na 2021, inda aka kashe mutum fiye da ɗari a rana ɗaya. A irin wannan hali, saurayi da doguwar bindiga a daji, ko ƙarar harbi da asuba kusa da ƙauye, abu ne da zai iya jawo abin da ya fi asarar rago biyu. Kada garin neman gira a rasa ido.

Hanyar da nake ba ka ita ce ka je wurin maigari da shaidarka, hoton gawar da sawun idan ka ɗauka. Shi zai kai maganar ga ma'aikatar magajin gari da ma'aikatan kiwo, a sanar da jandarma da ƴan gandun daji. Sai a yi shela kowa ya ɗaure karensa kwana kaza, abin da ya rage yana yawo shi ne marar ubangida. Daga nan a sa wanda ke da takarda da hannu ya yi aikin da rana tsaka, kowa ya sani. Kusan kowane yanki akwai irin wannan mutum, tsohon soja ko sarkin baka. Wannan shelar tana da wani amfanin: tana raba ka da rigima. Makiyayan da ke saukowa daga Azawak, yankin kiwo da ke arewa da mu, bayan girbi suna tafe da karnukansu, dogayen nan masu siririn ciki da Turawa ke kira da sunan yankin. Haƙarƙarinsu a waje yake ko sun ƙoshi, halittarsu ce haka, kuma ba a sa musu komai a wuya. Baƙo zai ɗauka yunwa ce ta kore su daga wani wuri. Wanda ya harbe irin wannan kare ya taɓa abin da mai shi ke ji da shi kamar raƙuminsa, kuma na ga an kwana uku ana sulhu a kan haka.

Akwai kuma maganar da ta fi harsashi nauyi, wato haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, babu magani. Idan a cikin gungun nan ka ga wanda ke dalalar da miyau, yana cizon itace da dutse, muryarsa ta canza, ko yana tafe yana tangaɗi ba ya tsoron mutum, to magana ta canza. Irin wannan ba a harbinsa a kai. Ƙwaƙwalwar ce ake ɗauka a kai ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a tabbatar ko ciwon ne, kuma ƙwaƙwalwar da miyau nan ne ƙwayar cutar take. Wanda ya fasa kan ya lalata shaida, ya kuma watsa abin a jikinsa. A ƙirji ake harbi, kada kowa ya taɓa gawar da hannu tsirara, a kira ma'aikacin kiwo. Duk wanda aka ciza ko aka yaga, ko ɗan ƙarami ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, ana zuba ruwa, sannan a tafi gidan likita a ranar don allura. Kada a tsaya sa barkono ko toka ko gashin karen a kan ciwon. Ciwon yakan yi wata biyu ko uku a ɓoye, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, shi ya sa mutane ke cewa ai ya warke. Tumakinka da aka ciza suka rayu su ma suna iya kamuwa. Ka ware su, ka nuna wa ma'aikacin kiwo, kada ka yi saurin kai su kasuwar Lahadi ka sayar wa wani bawan Allah.

Wani zai ce maka a bar wahalar bindiga, a sa guba a mushe. Da can an yi haka da sitiriknin, har da hannun hukuma, kuma ni shaida ne a kan abin da ya biyo baya. Kare ya ci ya mutu, ungulu ta ci kare ta mutu, dila da hankaka da shaho duk suka bi. Ungulun da muka taso muna gani cike da mahauta, yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa irin ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba ba ita kaɗai ta jawo haka ba, amma tana ciki. Abin takaicin shi ne ungulu ce ke cinye mushen da karnuka ke rayuwa a kai. Da ta ragu, abincin kare ya ƙaru.

Wannan ne ma ya sa nake gaya maka kada ka sa rai harbi kaɗai zai raba ka da su. Ka kashe shida yau, idan jujin da suke ci yana nan, da wurin da mahauta ke zubar da kayan ciki, da mushen da ake jefarwa bayan gari ba a binnewa, kafin damina wasu shida sun maye gurbinsu. Karya tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane ciki biyar ko shida. Masana ciwon hauka ma sun daɗe da gano cewa kashe-kashe ba ya kawar da cutar, abin da ke kawar da ita shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura. Ga kuma wata riba ta binne kayan ciki: ƙululun ruwan nan da kake gani a hanta da huhun tunkiya idan an yanka, tsutsa ce da ke zagayawa tsakanin kare da tunkiya. Kare ya ci hantar, ya yi kashi a makiyaya, tunkiya ta ci ciyawar. Mutum ma yana kamuwa.

Kafin duk wannan ya kankama, daren yau ma za su iya dawowa. Ka duba shingenka. Yawancin garkunan da nake gani an tara ƙaya a sama an bar ƙasa, alhali kare ba tsallakawa ya fi yi ba, kutsawa yake ta ƙarƙashi. Ka sa ƙayar magarya ko ta aduwa ka danne gindin da duwatsu, tunda dutse ba ya yi mana wuya a nan, ƙofar kuma ta zama ta gaske ba reshe ɗaya da ake ja ba. Ragunan layya ka dawo da su cikin gida su kwana kusa da ɗakinka. Kada a saki garke sai rana ta fito sosai, kuma kada yaro ƙarami ya fita da su shi kaɗai a kwanakin nan. Idan kana da hali ka samo ɗan kwikwiyo daga wurin makiyaya, ɗan wata biyu, ka rene shi a cikin tumakin, ka yi masa allura idan ya kai wata uku, ka riƙa ba shi abinci a garken ba a ƙofar gida ba. Kafin layya ta zagayo zai fara kwana a bakin shinge yana yi maka haushi.